Asfirin da ƙwayoyin tsayar da jini: yadda ƙwaya ɗaya ke barin tasiri na kwana goma

Wanda ya sha asfirin saboda ciwon kai, sauƙin da zai samu na awa huɗu ne zuwa shida. Shi kansa maganin ma ba ya kai haka a cikin jini. Cikin minti 15 zuwa 20 rabinsa ya rikiɗe ya koma wani sinadari daban, kafin awa biyu kuwa da ƙyar a sami ɓurɓushinsa. Amma da za a ɗebi jinin mutumin bayan kwana biyu a kai ɗakin gwaji, za a tarar ƙwayoyin da ke tsayar masa da jini ba su dawo daidai ba, kuma ba za su gama dawowa ba sai an yi mako guda zuwa kwana goma. Saboda wannan ne likitan fiɗa ke tambaya ko ka sha asfirin a makon da ya wuce, kuma saboda shi ne ake ba mai ciwon zuciya 'yar ƙwaya ɗaya tak a rana ta ishe shi. Amfanin da illar duk tushensu ɗaya ne, kuma tushen yana cikin yadda aka halicci waɗannan ƙwayoyi.

A cikin jini akwai jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iskar numfashi, akwai farare masu yaƙi da cuta, sai na uku, 'yan mitsi-mitsi, waɗanda a asibiti ake ce wa filatilet. Wani likitan Italiya, Giulio Bizzozero, shi ya bayyana aikinsu a 1882, bayan ya kalle su da madubin likita suna taruwa a inda aka ji wa jijiyar dabba rauni tana raye. Ba cikakkun ƙwayoyin halitta ba ne. A cikin ɓargo akwai wasu ƙattin ƙwayoyi da ke miƙa sassan jikinsu cikin magudanar jini, sassan su gutsuttsure, kowane gutsure ya zama filatilet. Lafiyayyen mutum na da 150,000 zuwa 450,000 a cikin maikurolita ɗaya, wato jinin da bai ko kusa kai ɗigo ɗaya ba. Kowace tana yin kwana bakwai zuwa goma tana yawo, sannan saifa da hanta su kwashe ta. Tunda gutsure ce, ba ta da cibiyar nan mai ɗauke da bayanan gado, wadda daga gare ta sauran ƙwayoyin jiki ke samun umarnin ƙera sababbin kayan aiki. Kusan duk abin da za ta yi aiki da shi har ta mutu, da shi ta fito daga ɓargo. A riƙe wannan, don a kansa sauran bayanin ya hau.

Mu ce mace na yanka albasa, wuƙa ta zame ta yanke ta a yatsa. Nan take 'yar jijiyar da ta tsage ta tsuke. Cikin jijiya sumul yake, filatilet na wucewa ba ta maƙalewa, amma yankan ya tona abin da ke ƙarƙashin wannan shimfiɗa, wani zare-zare da ake kira kolajin. Filatilet ɗin da suka fara isowa sai su manne da shi. Da mannewarsu sai kamanninsu su sauya: wadda take faifai a da ta dunƙule, ta fitar da 'yan hannuwa ta ko'ina, ta zazzage sinadaran da ta ajiye a cikinta. Waɗannan sinadarai su tayar da na kusa, na kusa su tayar da na bayansu, su riƙa kama juna har su cushe ƙofar raunin. Daga baya ne wasu sinadaran ruwan jini za su saƙa zaren faibirin a kan wannan toshiya su ƙarfafa ta, ta zama gudan jini sosai. Kafin matar ta gama nemo ƙyallen da za ta ɗaure yatsan, jinin ya fara ja da baya.

Daga cikin sinadaran da filatilet ke kiran 'yan uwanta da su, akwai wanda ba ajiye shi take ba, a lokacin take haɗa shi. Sunansa turomboksen A2. Tana ɓanɓaro wani kitse daga fatar jikinta, wanda ake kira arakidonik, ta miƙa shi ga wani sinadari mai sarrafawa da masana suka laƙaba wa COX-1, daga nan a ƙarasa shi ya zama turomboksen. Yana ƙara tsuke jijiya, yana kuma ruɓanya kiran. Rayuwarsa gajeriya ce ƙwarai, cikin daƙiƙa 30 rabinsa ya lalace, shi ya sa aikinsa ba ya wuce bakin raunin.

A nan asfirin ke shigowa. Wurin da COX-1 ke sarrafa kitsen nan yana can ƙuryar wani dogon lungu ne mai ƙunci a jikinsa, kuma dole kitsen ya bi ta lungun. Asfirin na ɗauke da wani ɗan ɓangare da ake kira asetil. Idan ya shiga lungun sai ya cire wannan ɓangare ya liƙa shi a bango, a daidai gurbi na 529 na jerin tubalan sinadarin a jikin ɗan Adam, liƙin da ba ya ɓanɓaruwa. Tamkar magini ne ya shiga lungu ya gina katanga a tsakiya, ya kwashe kayansa ya tafi. Ƙwayar da ke da cibiya za ta ƙera sabon COX-1 cikin 'yan awoyi ta ci gaba da harkarta. Filatilet ba ta da wannan dama. Wadda asfirin ya taɓa, ta rabu da turomboksen ke nan har ƙarshen rayuwarta. Jiki ba ya gyara ta, sai dai ya jira sababbi, kuma ɓargo na sabunta kusan kashi ɗaya cikin goma ne a kowace rana. Bayan kwana uku zuwa huɗu, galibi sababbin sun yi yawan da za su ja ragamar sauran, jini ya riƙa tsayawa kusan yadda aka saba. Cikakkiyar dawowa ce ke kai wa kwana goma.

Kada a ɗauka filatilet ɗin ta mutu. Tana nan, yawanta bai ragu ba, kuma tana amsa sauran kiraye-kirayen, musamman na turombin, wani sinadarin daskarar da jini wanda kiransa ya fi kowanne ƙarfi. Shi ya sa wanda ke shan asfirin idan ya yanke jininsa na tsayawa, sai dai ya ɗan ƙara 'yan mintuna, ko ya riƙa ganin tabon taruwar jini a fata idan ya bugu, ko dasashi ya yi jini wajen goge baki. Jinin kuma bai zama ruwa-ruwa ba kamar yadda wasu ke zato, kaurinsa na nan yadda yake. Haka nan asfirin ba ɗan uwan wafarin ba ne, wato wani maganin hana daskarewar jini, domin shi wafarin ɓangaren saƙa zaren faibirin yake ragewa. Haɗa su biyun ba da sanin likita ba na da haɗari sosai, don an taɓa matakan tsayar da jini guda biyu a lokaci guda.

Duniya ta yi kusan shekara saba'in tana shan maganin nan ba ta san duk wannan ba. Felix Hoffmann ya haɗa shi a kamfanin Bayer na Jamus a 1897, aka fito da shi kasuwa da sunan Aspirin a 1899, a matsayin maganin zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara lura da gaske wani likitan unguwa ne a garin Glendale na jihar Kalifoniya, Lawrence Craven. Ya ga marasa lafiyan da aka cire wa ƙululun maƙogwaro, waɗanda ke tauna cingam mai asfirin don rage zafi, suna zubar da jini fiye da kima. Ya yi tunanin abin da ke hana jini tsayawa a maƙogwaro zai iya hana shi daskarewa a jijiyar zuciya, ya rubuta haka a 1950, ya kuma riƙa ba maza masu matsakaicin shekaru shawarar sha kullum. Ba a saurare shi ba, saboda bai yi gwajin da ake kwatanta masu sha da marasa sha ba, kuma ya rasu a 1957. Sai a 1967 Harvey Weiss ya nuna a ɗakin gwaji cewa asfirin na hana filatilet kama juna. A 1971 John Vane a Landan ya gano cewa maganin na dakatar da ƙera dangin sinadaran da ake kira furostagilandin, waɗanda ke kawo zafi da kumburi da zazzaɓi. A 1975 Bengt Samuelsson da abokan aikinsa a Suwidin suka gano turomboksen, a shekarar kuma Gerald Roth da Philip Majerus a Amurka suka nuna liƙin asetil ɗin nan. Vane da Samuelsson da Sune Bergström suka raba kyautar Nobel ta 1982.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a lamarin shi ne batun yawan da ake sha, domin a nan ƙarami ya fi babba dacewa. A 1976 Vane da Salvador Moncada da abokan aikinsu suka gano cewa shimfiɗar cikin jijiya ita ma tana haɗa nata sinadarin, furostasaikilin, wanda aikinsa kishiyar na turomboksen ne: yana buɗe jijiya, yana hana filatilet mannewa inda babu rauni. Shi ma ta hannun dangin COX ake haɗa shi. Ke nan abin da ake so ga mai ciwon zuciya shi ne a kashe turomboksen a bar furostasaikilin. Ɗan kaɗan ɗin asfirin, miligiram 75 zuwa 100, yana yin kusan haka. Idan aka sha, daga hanji yake shiga jijiyar da ke kai jini hanta, a can yake haɗuwa da filatilet ɗin da ke wucewa ya toshe su, sannan hanta ta lalata kaso mai yawa kafin ya kai sauran jiki. Ɗan abin da ya tsallake ya taɓa shimfiɗar jijiya, ita tana da cibiya, za ta sabunta nata. Washegari a sake shan wata ƙwayar, ta kama sababbin filatilet ɗin da ɓargo ya fitar. Masanin Italiya Carlo Patrono da abokan aikinsa suka tabbatar da wannan a farkon shekarun 1980. Ƙara yawan maganin ba ya ƙara kariya ga zuciya, sai dai ya ƙara illa ga ciki.

A kwatanta da abin da ke shagunanmu. 'Yar ƙwayar da ake rubuta wa masu ciwon zuciya, irin su Vasoprin, miligiram 75 ce. Ta ciwon kai 300 ce, a sha ɗaya ko biyu. Garin Alabukun, wanda Jacob Odulate ya fara haɗawa tun 1918, kowane ƙunshi na ɗauke da miligiram 760 na asfirin da 60 na sinadarin kafin, irin wanda ke cikin goro da kofi. Ƙunshi ɗaya ya ninka ƙwayar mai ciwon zuciya sau goma. Mutane da yawa da ke kaɗa shi a ruwa su shanye ba su san asfirin suka sha ba, kuma idan ma'aikacin asibiti ya tambaye su ko suna shan asfirin, da zuciya ɗaya za su ce a'a.

Ibufurofen, wanda aka fi sani da Brufen, ɗan gidan ne amma halinsa daban. Stewart Adams da abokan aikinsa suka samar da shi a kamfanin Boots na Ingila, ya shiga kasuwa a 1969. Shi ma lungun nan yake shiga, sai dai ba ya gini. Amalanke ne aka ajiye a hanya, idan mai shi ya dawo ya tura abinsa hanya ta buɗe. Cikin awa biyu rabinsa ya bar jini, kafin kwana ɗaya filatilet sun koma aikinsu. Don haka yana iya ƙara zubar jini na ɗan lokaci, amma ba ya ba zuciya kariya. Matsalar da ta fi wannan ita ce idan ya riga asfirin shiga. Magini ya zo ya tarar amalanke ya tare lungu, shi kuma ba mai jira ba ne, cikin awa ɗaya ko biyu ya bar jini, kafin amalanken ya tashi. Francesca Catella-Lawson da abokan aikinta suka nuna haka a 2001, a 2006 kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ba da shawarar a sha ibufurofen aƙalla minti 30 bayan asfirin mara rufi, ko fiye da awa takwas kafinsa. Dattijon da ke shan asfirin don zuciya, yana kuma shan ibufurofen safe da rana da dare don ciwon gwiwa, yana iya rasa kariyar da yake zaton yana da ita, ya kuma ɗauki illar magungunan biyu.

Wasu magungunan ciwon jiki, dikilofenak da selekoksib, sun fi karkata ga ɗan uwan COX-1, wato COX-2, wanda ya fi hannu a kumburi da kuma haɗa furostasaikilin. Suna rage mai kariya su bar turomboksen da ƙarfinsa. Irin wannan karkata ce ta sa aka janye wani maganin ciwon gaɓoɓi mai suna Vioxx daga kasuwa a 2004 bayan an ga yana ƙara haɗarin ciwon bugun zuciya, a 2013 kuma hukumar magunguna ta Turai ta ce kada a ba masu ciwon zuciya ko waɗanda suka taɓa shanyewar ɓarin jiki dikilofenak. Farasitamol kuwa, a yawan da aka saba sha, kusan ba ruwansa da filatilet.

Inda asfirin ke da amfani, amfanin babba ne. Bugun zuciya yawanci na faruwa ne idan kitsen da ya taru a bangon jijiyar zuciya ya tsage, filatilet suka ɗauka rauni ne, suka taru suka toshe hanyar baki ɗaya. A binciken ISIS-2 na 1988, wanda ya haɗa marasa lafiya 17,187, ba da kimanin miligiram 160 a rana ga wanda bugun zuciya ya kama ya rage mutuwa da kashi 23 cikin ɗari a mako biyar na farko. Magani mai arha irin wannan da wuya a sami wanda ya yi haka. Shi ya sa ake ba wanda ake zaton bugun zuciya ne ke damunsa miligiram 300 ya tauna, don ya shiga jini da wuri. Wanda ya taɓa bugun zuciya, ko aka sa masa 'yar ragar ƙarfe a jijiyar zuciya, ko ya taɓa shanyewar ɓarin jiki ta toshewar jijiya, bai kamata ya daina sha don kansa ba, ko da haƙori za a cire masa. Likitoci da yawa yanzu sun fi son a ci gaba da sha a danne wurin da auduga, don jinin dasashi ya fi sauƙin tsayarwa a kan gudan jini a zuciya. Akwai kuma masu juna biyu da ke cikin haɗarin hawan jinin ciki, wanda kan kai ga jijjiga, ciwon da ke cin rayukan mata da yawa a yankinmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ba irinsu miligiram 75 a rana, a fara kafin ciki ya kai mako 20. Wannan aikin ma'aikatan awo ne. Manyan ƙwayoyin ciwon jiki daban ne, suna iya cutar da ƙodar ɗan tayi da jijiyar zuciyarsa idan ciki ya tsufa.

Illar da ta fi yawa a ciki take. COX-1 ɗin nan shi ke haɗa sinadaran da ke sa tumbi ya fitar da majinar da ke kare bangonsa daga ruwan tsamin da yake narkar da abinci da shi. Asfirin ya rage kariyar, ya kuma raunana abin da zai tsayar da jini idan gyambo ya fashe. Ka tsaya a shagon kemis bayan magariba ka ga lebura ya shigo, ƙurar siminti har gira, ya ce, "Malam, a haɗa min na ciwon jiki." Mai shago ya ɗauki almakashi ya yanko biyu daga wannan kati, ɗaya daga wancan, ya zuba a 'yar farar leda, babu suna babu takarda. Sau da yawa a cikin haɗin akwai ibufurofen da dikilofenak ko firoksikam a tare, duk dangi ɗaya, kuma wataƙila da safe mutumin ya riga ya sha garin asfirin ba tare da ya karya ba. Ciwon jikin zai lafa, gobe ya dawo a sake haɗawa. Wannan al'ada na damuna ƙwarai, domin jinin ciki ba ya yin shela. Alamarsa bayan gida ya koma baƙi ƙirin mai danƙo da wari, ko amai mai jini ko mai baƙin gari-gari, ko jiri da ɗashewar ido da tafin hannu. Wanda ya ga haka ya daina shan maganin ya nufi asibiti a ranar.

Zazzaɓi ma wuri ne na taka tsantsan. Zazzaɓin cizon sauro kansa na rage yawan filatilet. Na dengi, wanda ya ɓarke sosai a Burkina Faso a 2023 aka kuma tabbatar da shi a Sakkwato a ƙarshen shekarar, yana rage su matuƙa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai shi ya guji asfirin da ibufurofen. Zazzaɓin Lassa shi ma yana raunana aikinsu. A kwanakin farko duk kamanninsu ɗaya, mutum a gida ba zai bambance ba, don haka farasitamol ne abin sha kafin a yi gwaji. Yara kuma ba a ba su asfirin sai da umarnin likita, saboda wani ciwo da ke kama hanta da ƙwaƙwalwa bayan mura ko ƙarambau, wanda Douglas Reye ya bayyana a Ostireliya a 1963. A Ingila an sa iyakar a shekara 16. Haka duk wanda za a yi wa kaciya ko ƙaho ko wani aikin wanzami, a tambayi abin da ya sha a makon, a kuma ambaci sunan garin da na haɗin kemis, kada a tsaya ga kalmar asfirin kawai. Wasu masu asma ma yana tayar musu da ciwon.

Saura masu lafiya da ke sha kullum don rigakafi, saboda an ce yana da kyau ga wanda ya manyanta. A da likitoci da yawa na ba da wannan shawara. A 2018 aka fitar da sakamakon manyan bincike guda uku, cikinsu har da ASPREE, wanda ya bi tsofaffi 19,114 a Ostireliya da Amurka, ya tarar asfirin bai ƙara musu shekarun lafiya ba, zubar jini mai tsanani kuwa ta ƙaru. A 2022 kwamitin rigakafi na Amurka ya ce wanda ya kai shekara 60 bai taɓa ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba, kada ya fara.

A wurinmu akwai ƙarin dalili. Asfirin ba ya sauke hawan jini, ko da yake wasu na shan sa da wannan niyya su bar maganin hawan jinin na ainihi. Shanyewar ɓarin jiki kuma iri biyu ce: ta toshewar jijiyar ƙwaƙwalwa, da ta fashewarta. Binciken SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, ya nuna a 2018 cewa kusan kashi 32 cikin ɗari na waɗanda aka duba fashewa ce, kason da ya haura abin da ake gani a Turai, kuma hawan jini ne kan gaba wajen jawo ta. Daga waje ba a bambance su: baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe. Asfirin na taimakon na farko, na biyu kuwa zai ƙara masa zubar jinin, kuma da zarar ya shiga babu maganin da zai ɓanɓare shi daga filatilet. Don haka idan ɓarin jikin mutum ya saki, kada a ba shi komai ta baki, a lura da lokacin da abin ya fara, a kai shi asibitin da ke da na'urar hoton ƙwaƙwalwa, hoton ne zai nuna ko za a ba shi asfirin ko ba za a ba shi ba.